Ƙuma a Kan Ganga: Ɓarawon da Liangshan Ta Mora Ta Kuma Ajiye a Ƙarshen Sahu

A babi na 71 na littafin Shuihu Zhuan, ɗaya daga cikin manyan hikayoyin tsohon adabin ƙasar Sin, 'yan tawayen da suka yi sansani a fadamar Liangshan sun tono wani allon dutse da aka ce daga sama ya faɗo. A jikinsa an rubuta sunayen shugabanninsu su 108, kowa da matsayinsa: 36 a sahun gaba, waɗanda aka danganta da taurarin sama, 72 a sahun baya, waɗanda aka danganta da taurarin ƙasa. Suna na 107, saura ɗaya a rufe jerin, na Shi Qian ne, wanda ake yi wa laƙabi da Ƙuma a Kan Ganga. Tauraron da aka ba shi kuwa, Tauraron Ɓarawo.

Duk wanda ya bi labarin da natsuwa sai wannan lamba ta tsaya masa a rai. In za a lissafa mutanen da rundunar ta ci yaƙi saboda aikin hannunsu su kaɗai, ba za a yi nisa ba sai an ambaci Ƙuma. Amma ga shi a ƙasa da mai shirya liyafa, a ƙasa da masu zuba wa baƙi banju a giya, a ƙasa ma da mutumin da ya tona asirin 'yan'uwansa a hannun hukuma. A ganina wannan lamba ta fi faɗa mana halin Liangshan fiye da halin ɓarawon, kuma littafin da kansa ya ba mu hujjar da za mu ƙi yarda da ita.

Tushen labarin tarihi ne, ko da yake ɗan kaɗan. A zamanin Sarki Huizong na daular Song an yi wani ɗan tawaye mai suna Song Jiang, wanda tarihin daular ya ce yana yawo da mutum 36 suna addabar larduna, har ya miƙa wuya a 1121. Masu ba da labari a kasuwanni da masu wasan kwaikwayo suka yi ta ƙara wa labarin gishiri na tsawon ƙarnuka, har aka tattara shi ya zama littafi, wanda aka fi jingina wa Shi Nai'an na ƙarni na 14. Mutum 36 suka koma 108. Shi Qian ba ya cikin tsofaffin jerin sunayen nan na 36, daga baya ya shigo.

Shigowarsa labarin ma ta bayan kabari ce. A babi na 46, Yang Xiong, mai gadin kurkuku kuma hauni a garin Jizhou, ya kai matarsa kan tudun Cuiping ya kashe ta saboda cin amanar aure, tare da zugar amininsa Shi Xiu. Suna tsaye suna shawarar gudu zuwa Liangshan sai wani mutum ya fito daga bayan itace ya ce ya ji komai. Ƙuma ne, ɗan asalin Gaotang, wanda Yang Xiong ya taɓa fitarwa daga hannun hukuma. Da aka tambaye shi abin da ya kawo shi, bai ɓoye ba: tsofaffin kaburbura yake tonawa ko ya sami abin sayarwa. Sai ya roƙe su, yana kiransu yayyensa, su tafi da shi, ya ce satar kaji da karnuka ba ta da ranar ƙarewa. Wannan roƙo yana da muhimmanci. Yawancin jaruman littafin tura ce ta kai su bango kafin su hau dutsen, wasu ma da makirci aka ja su. Shi kuwa da ƙafarsa ya nema, domin a idonsa zama ɗan Liangshan ɗaukaka ce.

A hanya suka sauka a wani masauki na ƙauyen gidan Zhu. Yaron masaukin ya ce nama ya ƙare, sai shinkafa da giya. Can sai ga Ƙuma ya fito da dafaffen zakara, ya ce ya zaga baya ne ya gan shi a keji. Yang Xiong ya ce masa har yanzu hannun nan bai daina ba, Shi Xiu ya yi dariya, su ukun suka yayyage naman suka cinye. Da yaron ya duba keji ya ga wayam, ya kuma ga ƙasusuwa a kan tebur, sai rigima ta tashi. Ƙuma ya ce a hanya ya sayi kazarsa, zakaran gidan kuwa wataƙila muzuru ko shaho ya yi gaba da shi. Shi Xiu ya ce a faɗi kuɗi ya biya. Yaron ya ƙi, ya ce zakaran nan shi ke tashin gidan da asuba, ko azurfa nawa za a ba shi ba ya so, zakaransa yake so, in ba haka ba zai sa a kama su a matsayin ɓarayin Liangshan. Nan ne Shi Xiu da Yang Xiong suka harzuƙa, suka ce to ko da su ne, wa zai kama su. Aka yi dambe, Shi Xiu ya cinna wa masaukin wuta, suka gudu cikin dare. Mutanen ƙauyen da suka ɓuya a ciyawa suka jefa ƙugiya suka fizge Ƙuma.

A lura da rabon laifin. Satar nasa ce, babu musu. Amma cin naman na su uku ne, bugun ƙirji da sunan Liangshan na mutum biyun ne, wutar kuma ta Shi Xiu ce. Daga baya allon dutse ya sa Yang Xiong na 32, Shi Xiu na 33, dukansu a sahun taurarin sama.

Da mutanen biyu suka isa Liangshan suka nemi a ceto abokin tafiyarsu, shugaban sansanin na lokacin, Chao Gai, ya fusata har ya ba da umarni a sare kawunansu. Ba kisan matar ne ya ɓata masa rai ba, ba kuma ƙona masaukin ba. Abin da ya ce shi ne sun ɗauki sunan jaruman Liangshan sun je satar kaza da shi, sun jawo wa kowa abin kunya. Song Jiang, mataimakinsa wanda daga baya ya gaje shi, shi ne ya shiga tsakani, kuma yadda ya yi ceton abin dubawa ne. Ya ce Ƙuma dama can haka halinsa yake, kada a ɗora wa waɗannan biyu laifinsa. Sannan ya kawo zancen da ya fi nauyi: sansanin ya cika da mutane, abinci yana ƙaranci, gidan Zhu kuwa yana da hatsin da zai ci da su shekara uku zuwa biyar. Da haka aka fita yaƙi. Sai da aka kai hari sau uku kafin ƙauyen ya faɗi, yaƙin da ya shahara har Mao Zedong ya kawo shi misali a wani rubutunsa na 1937. An karkashe gidan Zhu, Li Kui, ɗaya daga cikin jaruman Liangshan, ya bi gidan Hu, maƙwabta kuma ƙawayen gidan Zhu, da gatari ya gama da su duk da cewa sun riga sun nemi sulhu, aka kwashe hatsi aka hau da shi dutse. Ɓarawon zakara shi ne dalilin da aka faɗa wa duniya, rumbu shi ne dalilin da ya tayar da runduna.

Fushin Chao Gai yana buƙatar bayani, domin shi kansa da sata ya hau dutsen. Shi da abokansa ne suka yi shigar fatake masu sayar da 'ya'yan itace, suka shayar da masu rakiya giya mai banju, suka kwashe dukiyar da gwamnan Daming ya aika wa surukinsa Cai Jing, babban wazirin daula. Ba a zare takobi ba, dabara ce tsantsa. To me ya raba wannan da zakara? A wurin mutanen littafin abu biyu ne. Na ɗaya, girman abin da mai abin: dukiyar gwamna ta zalunci ce, ƙwace ta jarumta ce, zakaran masauki kuwa abin da ba ya kai a ɓata suna a kansa ne. Na biyu, wanda ya fi zurfi, shi ne fuska. Jarumi a duniyarsu mutum ne mai tsayawa a fili ya faɗi sunansa. Lokacin da Wu Song, ɗaya daga cikin manyan jaruman littafin, ya kashe mutum 15 a gidan wani kwamanda, har da barori da mata waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba, ya tsoma tsumma a jini ya rubuta a bango cewa shi ne ya yi, Wu Song mai kashe damisa. Wannan rubutu shi ne abin da suke girmamawa. Sana'ar Ƙuma kuwa gaba ɗayanta a kan kada a gan shi take. Aikinsa ya yi kyau ne in babu wanda ya san ya zo.

Abin lura shi ne dokar ƙasar ta ɗauki al'amarin a juye. Kundin dokokin daular Tang, wanda daular Song ta gaji mafi yawansa, ya raba fashi da ƙarfi da satar ɓoye, kuma hukuncin ɗan fashi ya fi tsanani nesa ba kusa ba. Wato wanda alƙali ya fi tsana shi Liangshan ta fi ɗaukakawa. Wuri ɗaya ne doka da 'yan tawaye suka haɗu a kan Ƙuma, shi ne tonon kabari. A al'ummar da ke girmama kakanni har da yi musu hadaya, taɓa makwancin mamaci babban abin ƙyama ne, kuma dokar ta yanke kisa ga wanda ya kai ga buɗe akwatin gawa. Ba na ganin daidai ne a wanke shi daga wannan. Mutumin da aka fara nuna mana yana tonon kaburbura ba waliyyi ba ne, kuma marubucin ya so mu riƙe hakan.

Sai dai daga nan labarin ya shiga nuna wani abu daban. Gwamnati ta turo Janar Huyan Zhuo da dawakai masu lifidi, an ɗaure su sahu-sahu da sarƙa, suna tafiya kamar katanga. Liangshan ta sha kashi. Wani maƙeri mai suna Tang Long ya ce maganinsu mashi mai ƙugiya ne, yana iya ƙera shi, amma mutum ɗaya ne ya san yadda ake yaƙi da shi: ɗan'uwansa Xu Ning, mai horar da dogaran sarki a babban birni, wato Kaifeng ta yau. Xu Ning yana zaune lafiya da aikinsa da iyalinsa, babu abin da zai kai shi wurin 'yan tawaye. Amma yana da sulke na gado, tun kaka da kakanni, wanda yake ji da shi kamar ransa, yana ajiye shi a akwatin fata a rataye a azarar ɗakin kwanansa. In sulken ya tafi, zai bi shi. Duk jaruman da ke zaune a zauren, masu gatari da masu mashi, babu mai iya wannan aiki. Aka waiwayi Ƙuma.

Babi na 56 yana cikin wuraren da marubucin ya fi nuna gwaninta, kuma ya kashe wannan gwaninta ne a kan mutum na 107. Ƙuma ya hau wata doguwar bishiya da magariba yana nazarin gidan. Da dare ya yi ya sauka, ya haura, ya maƙale yana leƙen bene. Ya ga Xu Ning da matarsa suna jin ɗumi da ɗansu ƙarami, ya ga akwatin a sama, ya kuma ji maigidan yana cewa gobe da sassafe zai fita rakiyar sarki. Ɓarawo mai gaggawa da tsakar dare zai ɗauka. Shi kuwa ya yi lissafi: in aka farga da dare aka yi kururuwa, ba zai sami fita ƙofar birni ba. Sai ya jira. Ya zura sillen kara mai rami ta taga ya hure fitila. Da maigida ya tashi ya kira kuyangi su ɗora ruwa, suka tarar babu wuta, ɗaya ta buɗe ƙofar baya ta je ɗebo wuta a maƙwabta, Ƙuma ya sulale ya shige ƙarƙashin teburin madafa. Bayan Xu Ning ya ci abinci ya fita, kuyangin suka koma barci, ya hau azara ya fara kwance igiyar. Igiyar ta yi ƙara. Uwargida ta farka ta tambayi me ke motsi a sama. Nan take ya yi kukan ɓera. Wata kuyanga ta ce mata ai ɓeraye ne ke faɗa. Sai ya ci gaba da kwaikwayon faɗan ɓeraye, yana sauka da akwatin a bayansa, har ya fice ya bi ayarin masu sammako ya bar gari.

Sauran aikin ma ba ƙarami ba ne. Ya miƙa sulken ga wani ya yi gaba da shi, shi kuma ya rataya akwatin fanko a sanda yana tafe a fili, yana sauka a masaukan da aka yi wa da'ira da farin alli a ƙofa, domin duk inda Xu Ning ya tambaya a ce masa yanzun nan mai jan akwati ya wuce. Da aka cim masa ya yi ɗingishi, ya shirya ƙarya cewa wani attajiri ne ya sa shi kuma sulken yana gaba, ya yi ta jan mutumin kwana da kwanaki har aka shayar da shi banju aka haye da shi dutse. Xu Ning ya koyar da mashin, aka karya dawakan Huyan Zhuo. A allon dutse Xu Ning ya zo na 18, Huyan Zhuo da aka ci da yaƙi, daga baya kuma ya shiga cikinsu, ya zo na 8.

Ba na son a karanta wannan babi a tsaya ga sha'awar dabara kawai. An rusa rayuwar mutumin da bai yi wa kowa laifi ba. Tang Long har sanya sulken ya yi ya tare fatake da sunan Xu Ning domin a toshe masa hanyar komawa gida. Daga ƙarshe kibiya mai dafi ta kashe shi a yaƙin da ba shi ya zaɓa ba. Hannun Ƙuma yana cikin wannan zalunci. Amma masu shirya makircin su ne Song Jiang da mashawarcinsa Wu Yong, na 1 da na 3 a jerin.

Haka abin ya ci gaba. Da aka tashi ceto wani attajiri mai suna Lu Junyi da Shi Xiu daga kurkukun birnin Daming, ana neman wanda zai kunna wuta a cikin gari daren bikin fitilu ta zama alama ga rundunar da ke waje, Ƙuma ne ya miƙe ya ce ya san garin tun yana yaro, ya san wani babban bene mai suna Cuiyun, zai ƙona shi. Ya shiga da kwando, kayan adon mata a sama, farar wuta da kayan albarushi a ƙasa. A cikin garin ya ci karo da Kong Ming da Kong Liang, almajiran Song Jiang, sun yi shigar mabarata, ya ja hankalinsu cewa mai irin wannan fuska ta ƙoshi ba ya kama da mai bara, 'yan doka za su gane. Waɗannan biyu su ne na 62 da na 63. Benen ya kama, gari ya faɗi, kuma littafin bai ɓoye cewa talakawan garin sun sha wuta da takobi ba, har sai da wani ma'aikacin kurkuku ya roƙa a tsayar da kisan. A yaƙin Zengtou kuma shi ya gano inda aka haƙa ramukan tarko, aka kuma ba da shi jingina tare da wasu huɗu, ya hau hasumiya cikin dare ya kaɗa ƙararrawar da ta kira hari.

Duk waɗannan sun faru kafin a tono allon. To da wane ma'auni aka auna shi?

Akwai masu cewa hannun marubucin a ɗaure yake, domin sunayen sahun gaba gado ne daga tsofaffin labarai. Akwai gaskiya a nan, kuma ya isa ya bayyana dalilin da bai shiga cikin 36 ba. Bai bayyana dalilin da ya sa a cikin 72 ya zama na 71 ba. Akwai masu cewa jerin na auna hali ne, ba aiki ba. Wannan ya fi rauni. Li Kui, na 22, ya tsaga kan yaro ɗan shekara 4 domin a tilasta wa mai renonsa shiga tawaye. Wang Ying, na 58, mai satar mata ne, kuma Hu Sanniang, jarumar gidan Hu, da ta kama shi da hannunta a fagen fama aka aura masa ita, aka sa ta ta 59, a bayansa. Bai Sheng, wanda ya ambaci sunan Chao Gai da duka ya yi duka, shi ne na 106. In hali ake aunawa, wannan sikeli ya karye tun daga sama.

Abin da ya fi dacewa da jerin shi ne asali da muƙami da kusanci. Na 2 attajiri ne, Lu Junyi. Na 5 Guan Sheng ne, janar na gwamnati kuma jikan shahararren janar na dā, Guan Yu, wanda bai daɗe da zuwa ba ya sha gaban Lin Chong da ya kafa mulkin Chao Gai da hannunsa. Na 10 Chai Jin, jinin tsohuwar sarauta. Na 11 Li Ying, mai gonaki. Song Qing, ƙanin Song Jiang, wanda aikinsa shirya liyafa ne, yana na 76. Su kuwa Du Qian da Song Wan da Zhu Gui, waɗanda suke dutsen tun kafin kowa, an tura su can ƙasa. Na ƙarshe, Duan Jingzhu, ɓarawon dawaki ne. Song Jiang ya daɗe yana burin sarki ya yi musu afuwa ya mai da su sojojinsa, kuma jerin da za a kai fada dole ya kasance da fuskokin da fada ta sani a gaba, ɓarayi a can inda ido ba ya kaiwa. Masu karatu da dama sun daɗe suna zargin cewa shi da Wu Yong ne suka binne allon. Littafin bai faɗi haka ba, ya bar shi a matsayin hukuncin sama. Ko wanne ne, sakamakon ɗaya ne: mutanen da suka gudu daga mulkin da ke fifita ɗan wane da na kusa da wane sun hau dutse sun sake gina irinsa, suka kuma ce daga sama ya zo domin kada wani ya yi gardama. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni takaici a littafin, fiye da yaƙe-yaƙen da aka yi asara.

Raina irin su Ƙuma ya girmi littafin da nisa. Kusan shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, wani basarake na ƙasar Qi, Mengchang, ya faɗa hannun sarkin Qin. Cikin 'yan fadarsa akwai wanda ya iya sata irin ta kare, ya shiga taska ya sato rigar fatar farar yanyawa aka ba wata matar sarki ta roƙa aka sake shi. Da suka isa mashigin Hangu cikin dare, ƙofa ba ta buɗewa sai zakara ya yi cara, wani daga cikinsu ya kwaikwayi cara, zakarun wurin suka amsa, aka buɗe. Ƙananan gwanaye biyu suka ceci ran ubangidansu. Amma Wang Anshi, babban waziri kuma malami na daular Song, ya rubuta ɗan gajeren sharhi ya ce Mengchang ba kowa ba ne illa shugaban masu cara da masu satar kare, kuma taruwar irinsu a ƙofarsa ita ta hana mutanen kirki zuwa. Wannan shi ne tunanin masu ilimin da suka karanta Shuihu Zhuan suka kuma yi masa sharhi: ana iya cin moriyar ƙaramar gwaninta, amma ba a zama da mai ita a tabarma ɗaya.

Jin Shengtan, mashahurin mai sharhin littafin a ƙarni na 17, ya bi wannan layi ta wata hanya. Da ya rarraba jaruman daraja-daraja ya sa Wu Song a ƙololuwa, ya ce Shi Qian da Song Jiang iri ɗaya ne, dukansu a ƙasan ƙasa. Song Jiang yake nufi da duka, domin yana ganinsa munafuki mai satar zukatan mutane, kuma bai sami zagin da ya fi haɗa shi da ɓarawon zakara ba. Na yarda da rabin maganarsa. Gaskiya ne shugaban da ɓarawon duka da dabara suke aiki ba da ƙarfi ba. Amma Ƙuma bai taɓa kiran kansa wani abu da ba shi ba ne, bai ci amanar ɗan'uwa ba, bai taɓa dawowa daga aike da uzuri ba. Haɗa shi da Song Jiang a wannan fuska rashin adalci ne gare shi.

Jin Shengtan ya kuma datse littafin, wajen 1641, ya tsayar da shi a kan allon dutse, ya zubar da duk abin da ya biyo baya. Bugunsa mai babi 70, domin ya mai da babin farko gabatarwa, shi ya mamaye kasuwa kusan shekara 300, saboda haka masu karatu da yawa ba su ga aikin Ƙuma mafi girma ba. A bugu mai babi 100 da mai 120, bayan an yi musu afuwa an tura su yaƙar wani ɗan tawaye mai suna Fang La a kudu, rundunar Lu Junyi ta maƙale a mashigin Yuling. 'Yan bakan Pang Wanchun, wani janar na Fang La, sun yi kwanton ɓauna sun kashe shugabanni shida a tashi ɗaya, cikinsu har da Shi Jin da Shi Xiu, wanda ya ƙona masaukin nan. Aka tura Ƙuma shi kaɗai cikin duwatsu. Ya yi ta tafiya har ya hango haske a wata 'yar bukkar ibada, ya sami wani tsohon malamin addinin Buda, ya durƙusa ya yi masa ladabi, tsohon ya nuna masa wata ɓoyayyiyar hanya da ke zagayawa bayan mashigin. Ya koma ya ba da rahoto, ya sake dawowa da kayan wuta, ya haye inda aka toshe da duwatsu, ya cinna wa tarin abincinsu wuta, ya tayar da albarushi, ya hau rufi yana ihu cewa sojoji dubu goma sun riga sun ƙetare. Masu tsaron suka rikice, rundunar ta hau ta karɓi mashigin da ya ci manyan jarumai shida.

Bai ga sakamako ba. An gama yaƙi, runduna tana Hangzhou tana shirin komawa, ciwon ciki mai murɗa hanji ya kama shi ya mutu, kusan lokaci ɗaya da Yang Xiong. Marubucin da ya ba shi babi guda don satar sulke ya sallame shi da layi ɗaya. Cikin 108, mutum 27 ne suka koma fada, shi kuma ya sami laƙabin girmamawa na bai-ɗaya da aka raba wa matattun sahun baya.

Jama'ar gari ba su bi hukuncin allon ba. A dandalin wasan kwaikwayon gargajiya na Sin, satar zakara da satar sulke sun zama wasanni masu zaman kansu da ake kira da sunansa, kuma ɗan wasan da ke fitowa a matsayinsa, da ɗigon farin kwalli a hanci irin na masu ban dariya, sai ya kasance gwanin tsalle da hawa da sauka ba tare da ƙara ba, horon da ke cin shekaru. Da yawa daga cikin waɗanda ke sama da shi a jerin ba su da wasa ko ɗaya, mai karatu ma yakan manta sunayensu kafin ya rufe littafin. Wani marubuci ɗan Hangzhou a zamanin daular Qing ya rubuta cewa a bayan ɗaya daga cikin ƙofofin garinsu akwai ɗakin bauta na Shi Qian inda ɓarayi ke kai hadaya, a garin Jining kuma akwai na Song Jiang inda 'yan fashi ke zuwa roƙo a ɓoye.